Gamba na ja da baya, aya-aya na cin gona

A wurin manomi, duk abin da ya tsiro a gona ba da izininsa ba ciyawa ne. Gamba ciyawa ce, tofa ciyawa ce, kyasuwa da harƙiya da ƙarangiya haka, ita ma aya-aya da ke hana masu lambu barci a Daɗin Kowa ciyawa ake ce mata. Masana tsirrai ba su yarda da wannan kuɗin goro ba. A lissafinsu gamba da tofa da kyasuwa dangi ɗaya ne da gero da dawa da shinkafa, amma aya da aya-aya da kajiji wani dangi ne dabam, kuma nisan da ke tsakanin dangin biyu ya fi abin da ido ke nunawa. Wani zai ce wannan gardamar 'yan boko ce, ba ta ƙara dami a rumbu. Ni a ganina tana ƙarawa, tana kuma ragewa. Wannan bambancin ne ya sa a ƙasar Bauchi da Gombe gamba ke ja da baya aya-aya na ƙara cin ƙasa, alhali a babban kundin duniya na halittun da ake tsoron ƙarewarsu babu wadda aka sa a sahun masu haɗari.

Kafin a buɗe littafi, a sa hannu. Ka tsinko karan gamba a ƙarshen damina, lokacin da ta fi mutum tsayi, ka murza shi tsakanin babban yatsa da manuniya. Zai juya sumul, domin zagayayye ne, kuma za ka ji gaɓoɓi a jere irin na karan dawa. A kowace gaɓa ganye ɗaya ke fita, wannan ya kalli gabas, na samansa ya kalli yamma, sahu biyu ke nan. Gindin ganyen ya naɗe karan, amma a tsage yake, da farce za ka buɗe shi. Shi ganyen yana da farar jijiya a tsakiya da gashi mai laushi, yana kuma tsukewa wajen gindi har ya kusa zama jijiyar kaɗai. Yanzu ka tsinko karan aya-aya wanda ya fitar da kai. Ba zai yarda ya juya ba, sai ka ji yana tuntuɓe a yatsunka, saboda kusurwa uku gare shi. Daga ƙasa har kai babu gaɓa ko ɗaya. Ganyayen duk daga gindi suke fitowa, sun rabu fuska uku, suna sheƙi, kuma rigar da ta naɗe karan a rufe take ruf, ba tsaga.

Wannan gwajin yana aiki galibi, amma yana da tarko biyu. A makaranta akan koya wa yara cewa karan ciyawa rami ne a ciki. Haka yake ga shinkafa da alkama da gora, sai dai in ka fasa karan gamba totuwa za ka tarar. Dalili shi ne gamba tana cikin wani reshe na dangin ciyawa da ake kira Andropogoneae, kuma 'yan wannan reshe masu cikakken kara ne: dawa, masara, rake, tofa, jema, tsaure. Wato gamba ta fi kusa da dawar da ke gonarka fiye da yadda dawar take da gero, duk da a tukunya ɗaya muke tuƙa su. Tarko na biyu kajiji ne, wanda mata ke saye don haɗa turaren wuta. Karansa zagayayye ne, ba shi da wani ganyen kirki, in ya bushe kuma sai ka ga zobba-zobba a jikinsa, ka rantse gaɓoɓi ne. Ba su ba ne. Shingaye ne a cikin totuwar, ganye ba ya fita daga cikinsu. Kajiji ɗan gidan su aya ne na haƙiƙa.

Saboda irin waɗannan tarkuna, masana ba su tsaya a kara da ganye ba, fure da 'ya'ya suke dubawa. Duka dangin biyu iska ce ke ɗaukar musu garin fure, shi ya sa furanninsu ƙanana ne, ba launi ba ƙamshi. A dangin ciyawa kowane ɗan fure yana lulluɓe tsakanin ɓawo biyu, kuma idan ƙwaya ta nuna fatar iri tana manne da bangon ɗan itacen, ba sa rabuwa. Abin da muke kira hatsi ke nan, kuma shi ya sa sai an yi surfe dusa ke fita. A dangin aya kuwa ɓawo ɗaya tak ke rufe kowane fure, ɗan da yake haifarwa kuma wata 'yar ƙwaya ce mai tauri wadda irin ke zaune a cikinta a sake. Ita ayar da muke tauna ma ba 'ya'yan itace ba ce, ba kuma saiwa ba. Kara ne da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, bakinsa ya kumbura ya tara abinci, yana da idanun da ke tsirowa irin na dankalin Turawa.

Tsanin sunayen yana hawa ne daga nau'i zuwa gida, daga gida zuwa dangi, daga dangi zuwa babbar zuriya. Gamba ita ce Andropogon gayanus, sunan da masanin tsirrai Bajamushe Carl Kunth ya raɗa mata a farkon rabin ƙarni na 19. Danginta Poaceae, mai nau'i kusan 12,000. Aya ita ce Cyperus esculentus, aya-aya Cyperus rotundus, kajiji Cyperus articulatus, duka ukun gida ɗaya, kuma Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ne ya sa musu suna a 1753. Danginsu Cyperaceae, mai nau'i wajen 5,500. Haɗa waɗannan sunaye da namu na Hausa ba jiya aka fara ba. Wani likita da ya yi aiki a Arewa, John Dalziel, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi.

Da daɗewa an ɗauka dangin biyu 'yan uwa ne na kusa, don sun yi kama. Har a tsarin rarraba tsirrai na masani Arthur Cronquist na 1981, wanda jami'o'i da dama suka koyar da shi, su biyun kaɗai aka ware a zuriya ɗaya. Da aka fara karanta ƙwayoyin gado na tsirrai, sabon tsarin da ya fito a 1998, aka yi ta gyara shi har zuwa 2016, ya nuna wani abu dabam. Suna dai cikin babbar zuriya ɗaya mai suna Poales, amma ba su ne maƙwabtan juna a cikinta ba. Dangin aya sun fi kusa da wasu tsirran fadama da ake kira Juncaceae, su kuma dangin ciyawa 'yan uwansu na jini wasu ƙananan dangogi ne da ke Ostireliya da tsibiran tekun Fasifik. A cikin wannan babbar zuriya akwai kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, akwai kuma abarba. Eh, abarbar da ake yankawa a baro.

Wani abu ɗaya ya haɗa gamba da aya-aya, kuma kowacce da kanta ta kai gare shi, ba gado suka yi daga kaka ɗaya ba. Duka biyun suna haɗa abinci daga hasken rana ta hanyar da masana ke kira C4, irin ta masara da dawa da gero. Mai wannan tsari yana ƙara ƙarfi ne idan rana ta take, yana kuma tattalin ruwa. Shinkafa ba ta da shi, saboda haka a gonar shinkafar tudu aya-aya ke riga ta tashi. Rauninsu kuma ɗaya ne: ba sa son inuwa.

Inda suka rabu da gaske, inda kuma maganar ta shafi aljihu, shi ne wurin da kowacce ke ɓoye ranta.

Gamba a tushe ɗaya take zaune. Tana yin kututture mai faɗi, shekara da shekaru a wuri guda, idanun tohonta suna daidai fuskar ƙasa. Saiwoyinta wasu suna bazuwa a sama su kama yayyafin farko, wasu suna nutsawa ƙasa sosai su nemo laima. Shi ya sa take jure rani mai tsawo, shi ya sa kuma take riga sauran ciyayi yin kore da bazara, lokacin da shanu suka fi galabaita. Wuta ba ta kashe ta, bayan gobara ma toho take yi. Amma duk wannan ƙarfi a wuri ɗaya yake tattare. Garma ta tumɓuke kututturen, an gama. Sai dai iri, shi kuma irin gamba mai gashi ne mara nauyi, mafi yawansa kusa da uwar yake zuba, ba ya daɗewa da rai a cikin ƙasa, kuma ɗan tsiron da yake fitarwa rarrauna ne a shekarar farko. Idan aka share gamba daga fili mai faɗi, ba ta da wani asusu a ƙasa da za ta dawo da shi. Sai an bar gona ta huta shekaru, kuma da sauran uwaye a kusa. Tsofaffin manoma sun san haka, don in suka ga gamba ta kama saura sukan ce ƙasar ta farfaɗo.

Aya-aya ta raba ranta gida ɗari. Ka sa fartanya a kwamin albasa ka ɗago ta a hankali, za ka ga wani siririn zare baƙi mai tauri ya fita daga gindinta, a bakinsa ƙwaya baƙa mai gashi, daga ƙwayar wani zaren ya wuce zuwa wata, haka har ka rasa ƙarshen. In ka fasa ƙwayar cikinta fari ne, tana ƙamshi, tana da ɗaci. Nan ta bambanta da aya ta ci, wadda kowace ƙwaya ke zaune ita kaɗai a bakin zarenta, mai zaƙi, kanta kuma ruwan ɗorawa ne ba ja-ja mai duhu irin na aya-aya ba. A cikin wannan sarƙa, ƙwayar da ta tsiro tana danne sauran su yi ta barci. Ranar da garma ko fartanya ta tsinka zaren, kowace ƙwaya ta samu 'yanci, sai ta farka. Noman da ke kashe gamba shi ne shukar aya-aya. Ba ta ma dogara da iri ba, da wuya irinta ya tsiro. A jikin garmar tarakta take tafiya daga gona zuwa gona, da cikin ƙasar da ke manne da dashen tumatir da tattasai. Wani littafi da LeRoy Holm da abokan aikinsa suka fitar a 1977 kan munanan ciyayin duniya ita ya sa a lamba ta ɗaya, ya ce an same ta tana ɓarna a amfanin gona iri 52 a ƙasashe 92.

Irin wannan hirar ba baƙuwa ba ce a shagunan maganin feshi:

"Alhaji, maganin nan da ka ba ni ya cinye harƙiya tas a gonar wake, amma aya-aya ko gezau."

"Ai Baba, wannan na ciyawa ne."

"To ita mece ce?"

Mai shagon ya fi gaskiya, ko da bai san dalili ba. Magungunan da ake fesawa a kan wake da gyaɗa da waken suya don su kashe ciyawa su bar shuka, suna toshe wani sinadari ne da dangin Poaceae ke ƙera maiƙon jikinsu da shi. Na dangin aya ƙirarsa dabam ce, maganin ba ya kama shi. Sai manomi ya share mata abokan takara da kuɗinsa, ya bar mata rana da taki. Maganin da ke ƙona ganye nan take, ganyenta kawai yake ci, bayan kwanaki ta dawo. Gilaifoset, mai bin jiki har ƙasa, yana kashe wadda ta fito da ƙwayar da ke kusa, amma waɗanda ke barci a can ƙarshen sarƙa sukan tsira. Shi wannan gilaifoset ɗin kuwa, in ya sauka a kan gamba mai ɗanyen ganye, har kututture yake kashe ta. Abin da ke karya aya-aya ba sabo ba ne: a kifar da ƙasa da rani ƙwayoyin su fito rana ta busar da su, a kuma shuka abin da zai rufe ƙasa da wuri ya hana ta haske.

To me kundin duniya ya ce? Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, an kafa ta a 1948, hedikwatarta na garin Gland a ƙasar Suwizalan, kuma tun 1964 take riƙe da abin da ake kira Jan Kundi. Matakai tara ne a ciki. Akwai wanda ba a auna ba tukuna, da wanda bayanansa ba su isa a yanke hukunci ba. Akwai wanda ba abin damuwa ba ne, da wanda ya kusa shiga haɗari. Sai matakan haɗari uku: mai rauni, wanda ke cikin haɗari, da wanda ke cikin matsanancin haɗari. Daga nan sai wanda ya ƙare a daji ya rage a hannun mutane, sai wanda ya ƙare ƙurmus. Ba da ka ake sa nau'i a mataki ba, da ma'auni ne. Misali, in yawansa ya ragu da kashi 30 cikin ɗari a shekara goma ko a tsawon zuriya uku, wanda ya fi tsawo a cikinsu, ya zama mai rauni. Kashi 50 ya shiga haɗari, kashi 80 matsanancin haɗari. Ko kuma a duba faɗin ƙasar da yake rayuwa: in bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba, wato abin da bai yi nisa da faɗin jihar Gombe ba, kuma yana raguwa a warwatse, shi ma mai rauni ne.

Da wannan ma'auni, aya da aya-aya da kajiji duka suna matakin da ba abin damuwa ba. Babu mamaki, tsirrai ne da suka zagaye ƙasashe masu zafi na duniya. Gamba ma ba ta cikin ko ɗaya daga matakan haɗarin nan uku, ba ta ma kusa da su, tunda daga Senigal har Sudan, har kudancin Afirka, akwai ta. A lura da wani abu: kundin bai auna mafi yawan tsirran duniya ba har yanzu, don haka rashin ganin sunan tsiro a sahun masu haɗari ba kullum yake nufin lafiya lau ba. Masanan lambun Kew na Ingila sun ƙiyasta a 2020 cewa biyu cikin kowane biyar na tsirran duniya suna fuskantar barazana. Sai dai ita gamba, ko ta wace fuska aka auna ta a matakin duniya, za ta haye.

Za ta haye har da rara, saboda a wasu ƙasashen ita ce annobar. An kai ta Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo, aka fitar da wani zaɓaɓɓen iri ga makiyaya a 1978, sai ta tsallake shinge ta shiga daji a arewacin ƙasar, wajen birnin Darwin. A can tana kai mita huɗu, ta yi cunkus, ta bushe a makare, kuma hukumomin ƙasar suna cewa gobararta kan ninka ta ciyawarsu ta asali har sau takwas wajen zafi, tana cin manyan itatuwa har ƙoli. Yankin Arewa na ƙasar ya ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa a 2008, a 2012 kuma aka sa ta a jerin munanan ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Da jirgi mai saukar ungulu ake bin ta da feshi. A Kolombiya da Barazil kuwa, irin da aka raba wa makiyaya a 1980 asalinsa daga Shika ne, kusa da Zariya, ya yi musu amfani a ƙasa mai tsami mara ƙarfi, yanzu kuma a dajin Barazil ana kuka da shi. Tsiron bai canza hali ba. Abin da ya canza shi ne a can babu mai lauje da ke jiranta da kaka, babu masaƙin zana, babu garken da ke bin tohonta kullum, babu garmar da ke neman wurin da take tsaye.

A nan duk akwai su. Ka tambayi masu saƙar zana a ƙauyukan Alkaleri ko Dukku ko Darazo inda suke yanko gamba yanzu da inda iyayensu ke yankowa, amsar tana da nisa a ƙafa. Saura ta yi ƙaranci, gona ba ta hutawa. Garmar shanu da tarakta sun shiga inda fartanya ba ta kai ba a da. Burtali ya tsuke, dabbobin da ke bin sa sun ƙaru, ga wuta da ake sawa don toho, tohon ya fito a cinye, ya sake fitowa a sake cinyewa, har kututturen ya ƙare abin da ya tara. Masu yanka suna rige-rige, wani ya yanke kafin iri ya nuna don kada a riga shi. Farin shekarun 1970 da na 1980 ma ya kashe ciyayi masu tushe a faɗin Sahel, masu shekara ɗaya irin su ƙarangiya suka maye gurbinsu. Wanda yake son ganin yadda dajin ƙasar nan yake idan an bar shi, sai ya shiga Yankari a watan Oktoba, ya ga ciyawa ta shanye mota. Wannan fili mai murabba'in kilomita 2,244 tun 1956 aka keɓe shi, don dabbobi aka yi, ciyawar ta ci albarkacinsu.

Akwai wani dalilin da ba a cika ambata ba, kuma ni ina ganin yana da nauyi. Gamba ta daɗe a gonakin Hausawa ne saboda ana bukatarta. Da gangan ake dasa ta a kan iyaka, ta raba gona da gona, ta ba da zana da jinka da rufin rumbu. Da bulo da kwano suka shigo, wanda ya samu hali ya daina waiwayar ta, ɗansa kuma ya ga layin gamba a matsayin kunya biyu da aka yi asara. Ga mai feshi ya zo, ba ya tambayar wacce aka dasa wacce ta fito da kanta. Don haka yawan amfani yana cin ta a daji, rashin amfani yana cin ta a gona.

Babu ɗaya daga cikin wannan da zai motsa Jan Kundi, kuma ba laifin kundin ba ne. Tambayar da aka gina shi ya amsa ita ce ko nau'in zai ɓace daga doron ƙasa. Ba a tambaye shi ko akwai shi a bayan garinku ba. Karanta "ba abin damuwa ba" a ɗauka an yi magana a kan Bauchi, daidai yake da a ce wa mai jin ƙishirwa a Dukku ya kwantar da hankalinsa, dam ɗin Daɗin Kowa a cike yake. Misali mafi kyau daga gidan su aya ya fito. Cyperus papyrus, tsiron da Misirawan dā suka yi takarda da shi, yana matakin da ba abin damuwa ba, don ya cika fadamun tsakiyar Afirka da gabashinta, akwai shi har Tafkin Chadi. Amma a Masar ɗin kanta ya ɓace daga bakin Nilu, har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1968 aka gano ɗan ragowarsa a Wadi Natrun. Hukuncin duniya bai yi ƙarya ba, Masar kuma ta yi rashi.

Wannan misalin yana kuma hana mu yi wa dangin aya kuɗin goron da muka hana a yi wa ciyawa. Don aya-aya ta gagara, ba ya nufin duk danginta sun gagara. Da yawansu 'yan ruwa ne, rayuwarsu a ɗaure take da ambaliyar da ke zuwa ta koma a kan lokaci. Kajiji a bakin tafki da fadama yake, kuma abin da ake nema a jikinsa shi ne na ƙarƙashin ƙasa, wato haƙo shi ake yi gaba ɗaya. Idan fadamun kogin Jama'are ko na Gongola suka koma gonar rani daga baki zuwa baki, aya-aya za ta yi murna, ire-iren kajiji kuwa sai sun nemi wani wuri. Ita aya ta ci tana da nata rufin asirin, kasuwa. Muddin ana shan kunun aya a Bauchi da Gombe, ana dakan daƙuwa, mutanen Balansiya a Sifen suna shan nasu kunun har suna sayo ƙari daga Nijar da maƙwabtanta, ba za a rasa mai shuka ta ba. Abin da zai iya salwanta a nan shi ne ire-irenta na gida, ƙarama da babba da baƙa, in kasuwa ta zaɓi guda ta watsar da saura, kuma Jan Kundi ba ya ƙirga irin shuka.

IUCN ɗin ta san da wannan giɓi, ta kuma fitar da ƙa'idojin da ƙasa ko yanki zai bi ya yi nasa kundin. Afirka ta Kudu ta bi su, a 2009 ta kammala auna dukkan tsirranta, nau'i wajen 20,000. Dokarmu ta 1985 kan halittun da ke cikin haɗari ta fi karkata ga dabbobi da fataucinsu, giwa da zaki da aku, ba ta sauko kan ciyawa ba. Kuma aikin ba ya bukatar wani abin a zo a gani. Ga jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ga ta jihar Gombe, ga ta tarayya a Kashere, kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A kafa turaku a wurare sanannu, a makiyayar Wawa-Zange, a gefen dajin Lame-Burra, a kan wasu burtalai, a riƙa ƙirga kututturan gamba a daidai wurin kowace kaka. A riƙa rubuta daga ina zanar da ke shigowa kasuwa ta fito. Bayan shekara goma za a samu lambar da za a ɗora a kan ma'aunin nan na kashi 30 da 50, maimakon "da akwai, yanzu babu" da muke ta faɗa.

Shi kuwa mai gona ba sai ya jira lamba ba, domin raunin gamba a iri yake, ba a dashe ba. A Burkina Faso da Nijar manoma suna dasa ta layi-layi a gicciyen gangare don ta rage gudun ruwa ta tare ƙasa. Ba za ta cike kwarin da ya riga ya tsage irin na cikin garin Gombe ba, amma tana hana ƙaramin zirin ruwa zama kwari. A watan Agusta, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ake sare gefen tsohon kututture da saiwarsa, a raba shi ƙanana, a datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a dasa a kan iyaka taku ɗaya tsakani. Shekarar farko a tsare ta daga dabbobi. Idan ta kafu, a jira iri ya zuba kafin a sa lauje, a kuma bar mata gindi, kada a yanke dab da ƙasa. Mai feshi kuma a nuna masa inda zai tsaya, taku biyu ko uku kafin layin, kada kuma ya yi aikin ranar da ake iska.